Kuɗin UBEC da ake cewa suna jibge a Abuja: wa ya kamata mu riƙe?

Hedimastan Ƙauye:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni hedimasta ne a wata firamare ta karkara, shekarata 19 ina riƙe da alli. Rajistarmu ta bana yara 412 ne, malamai kuwa mu biyar, har da ni da malamin Arabiyya. Ajujuwa shida gare mu a takarda, amma iskar farkon damina ta yaye kwanon biyu tun bara waccan. Saboda haka 'yan aji ɗaya da na biyu a gindin darbejiya muke haɗa su, hadari na tasowa sai mu sallame su. Na rubuta takarda sau uku. An zo, an auna, an ɗauki hoto, shiru kake ji.

Jiya da daddare ina sauraron rediyo na ji ana cewa akwai biliyoyin naira a asusun UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, da jihohi ba su je sun ɗauka ba. Wallahi sai da na tashi zaune. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa! Don Allah masu sani, me ke hana a ɗauko su? Kuma idan sharaɗin da aka gindaya wa jihohi ne matsalar, me zai hana a cire shi a turo kuɗin kai tsaye zuwa makarantu?

Tsohon Ma'aikaci:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri. Na yi aiki a ɓangaren tsare-tsaren ilimi har na yi ritaya, bari in faɗi abin da na sani.

Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE, wato ilimin bai-ɗaya, a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004. Dokar ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas. Ta kuma ware wa UBEC kashi 2 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Rabin wannan kuɗi shi ne wanda ka ji ana magana. Jiha ba za ta taɓa kasonta ba sai ta ajiye daidai irinsa daga aljihunta, ta kuma kai tsarin ayyukan da za ta yi da su ta hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Ka kawo naira, a ba ka naira. Gwamnan da ya ga gadar sama ta fi jawo ƙuri'a sai ya ƙi ajiye nasa, kuɗin su yi ta kwana.

Amma cire sharaɗin, ban goyi baya ba. Ilimin firamare nauyin jiha da ƙaramar hukuma ne, na Abuja tallafi ne kawai. Ranar da aka ce ba sai jiha ta sa kwabo ba, wasu za su naɗe hannu gaba ɗaya. Da za a ji tawa, a cire kason jihar tun daga rabon wata-wata kafin ya isa hannun gwamna.

Malamar Aji Uku:

Baba, na ji bayaninka, amma ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. A makarantarmu an gina mana sabon bulo mai aji uku, fenti shar, ga allon kwangila a bakin ƙofa. Aji ɗaya a kulle yake har yau domin babu wanda zai shiga ya koyar. Wancan kuɗi na gini ne da kujeru, ba a biyan albashi da shi. Albashinmu daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, can kuma babu mai son ɗaukar sabon malami. Duk wanda ya yi ritaya ko ya rasu, gurbinsa ya tafi ke nan.

Ni yara 90 da ɗoriya nake duba wa aiki. Ko a Abuja, a gaban idon kowa, malaman firamare sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan mafi ƙarancin albashin naira 70,000. To ina ga mu?

Ɗan Bautar Ƙasa:

Maganar guda ce, gwamnati ta cika kashi 26 cikin ɗari na kasafin kuɗi da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce a ba ilimi. Sannan a yi irin na Kaduna a 2017, inda malamai 21,780 suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu aka sallame su. Ba cin fuska ba, amma akwai baragurbi a aikin nan.

Tsohon Ma'aikaci:

Ɗana, kashi 26 ɗin nan ya daɗe yana yawo a bakin mutane, amma abin da ƙasashe suka amince da shi a taron ilimi na duniya da aka yi a Incheon ta Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa. Ko shi ɗin ma tarayya ba ta kai ba, shekara da shekaru ƙasa da kashi 10 take warewa. Kuma rubutawa a kasafi daban, sakin kuɗi daban.

Malama kuwa ta taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. A 1988 an kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, albashi ya daidaita. A 1991 aka rushe ta aka mayar da malamai hannun ƙananan hukumomi. Mu da muka ga lokacin ba ma fatan a maimaita, mutum sai ya yi watanni bai ga albashi ba, dole a 1993 aka dawo da hukumar. Shi ya sa da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, na yi murna, amma gabana ya faɗi saboda malamai.

Hedimastan Ƙauye:

Na gode ƙwarai, Baba, yau na san inda kuɗin suka maƙale. Ashe Abuja nake ta harara alhali abin yana kusa da gida.

Ƙanena mai bautar ƙasa, ban musa maka ba. Na taɓa zama da malamin da ɗan wani babba ne, sunansa na takardar albashi, ƙafarsa ba ta san hanyar makarantar ba. A kori irinsa, ni zan fara tafi. Amma in an kora a maye gurbi, don idan aka cire mini ɗaya cikin biyar, aji biyu ne za su zauna haka.

Malama, da za a ce in zaɓa tsakanin kwano da malamai biyu, malaman zan ɗauka. Darbejiyar ba ta yoyo sai da damina.

Ranar Asabar muna da zaman SBMC, kwamitin al'umma mai kula da makaranta, mai unguwa da liman duk suna ciki. Zan kai shawarar mu je wurin ɗan majalisarmu na jiha da tambaya biyu a rubuce: jiharmu ta biya kasonta na wace shekara, kuma makarantarmu na cikin jerin ayyukan da aka tura? Baba, wannan jerin, ɗan kwamiti yana da ikon ya nemi a nuna masa, ko sai ta hannun sakataren ilimi?