Wane suna za mu sa wa mokuhanga?

Jama'a, ku taimaka min. Ina rubuta wa ɗalibaina tarihin Hokusai, wani mai zane na ƙasar Japan, sai na cije a kan kalma ɗaya. Japanawa na kiran sana'arsa mokuhanga, wato fitar da hoto a takarda da sassaƙaƙƙen katako. Na rubuta "zanen katako", na goge, don Bahaushe na jin haka zayyanar allo ce za ta faɗo masa a rai, alhali shi wannan hoto a takarda yake ƙarewa.

An haifi Hokusai a Edo, wato Tokyo ta yau, a 1760, ya rasu a 1849. Nasa aikin zane ne a kan takarda shara-shara. Masassaƙi zai kife ta a kan katakon itacen ceri ya manne, ya bi layukan da wuƙa, ya fafe duk inda babu tawada. Garin haka zanen asali yake salwanta, abin da har yau yake sosa min rai. Kowane launi da nasa katakon. Daga nan mai bugawa ya shafa launi, ya shimfiɗa takarda, ya murza bayanta da ɗan faifai da aka lulluɓe da ɓawon gora. Haka aka fitar da hoton igiyar ruwan Kanagawa wajen 1831, ta yi tsiri a kan jirage uku, Dutsen Fuji na can nesa ɗan mitsitsi. Hoton nan ne a bayan takardar kuɗin Japan ta yen 1000 da ta fito a 2024.

Wani abokin aikina ya ce "zanen hatimi". Ya kusa, don mai yanka hatimi ma a juye yake sassaƙa rubutunsa. Sai dai mai jin hatimi hankalinsa na tafiya ofis, ko wajen malaman tsibbu.

"Bugun katako" ya fi daɗi a baki, amma ni mabuga yake tuna min, suna dukan shadda a kan gungume.

Na tsaya a kan "ɗab'in katako". Tushensa ɗaya da maɗaba'a, kuma yana nuna abu ne da ake fitarwa da yawa, talaka ya saya. Aibinsa ɗaya: ya ɓoye masassaƙi, mutumin da ya fafe tsakanin kowane yatsan kumfar igiyar ruwan nan.

Malamai, musamman na Damagaram da Maraɗi, in akwai kalmar da ta haɗa sassaƙa da ɗab'i a bakinku, ku kawo kafin Litinin, ranar nake raba takardun.