Sati ɗaya: Dubai, Abu Dhabi, Doha da Riyad, zai yiwu kuwa?

Baban Ummi, Samaru:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa zuwa ƙasashen Larabawan nan. Shekara biyu kenan ina tara ɗan abin da ya samu, ga adashen ofis da zan kwasa ƙarshen Nuwamba, to tun haihuwar Ummi na yi wa maman yara alkawari zan kai ta ta ga Dubai da idonta, ta gaji da gani a waya. Hutun da zan samu sati ɗaya ne cak, a Disamba ko farkon Janairu, yaran za mu bar su gun Hajiyarmu a cikin gari. Lissafin da na yi a takarda shi ne kwana 2 Dubai, kwana 1 Abu Dhabi, sai mu hau jirgi zuwa Doha kwana 2, daga nan Riyad kwana 2, tunda a taswira na ga duk kusa da juna suke kamar Zariya da Kaduna da Kano. Ni ba siyayya ce ta dame ni ba, abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda mutane suka kafa irin waɗannan birane a tsakiyar rairayi, ita ce dai na san sai ta leƙa kasuwar gwal. Ban taɓa fita waje ba, ko Nijar. Fasfo dai mun yi. Ta ina zan fara, kuma ta Kano ya fi ko ta Abuja?

Alhajin Sabon Gari:

Wa'alaikumus salam. Malam Allah ya cika buri, ya saka maka da alheri da ka tuna da uwargida. Amma wannan takardar taka yage ta kawai, ka ɗauko wata.

Na farko satin naka ba kwana bakwai ba ne. Za ka bar Zariya bayan asuba ka kama hanyar Kano, idan jirgin Habasha ne sai kun sauka Addis Ababa kun jira, idan na Masar ne sai kun bi ta Alkahira, kafin ku isa Dubai ka yi laushi, ga agogonsu ya wuce namu da awa 3, kuma otal ba sa ba ka ɗaki sai wajen ƙarfe 2 ko 3 na rana, in kun sauka da asuba haka za ku zauna kan jaka kuna gyangyaɗi. Dawowa ma haka. Ka ga kwana biyu sun tafi a hanya, biyar suka rage maka. A cikin biyar ɗin nan kake so ka ƙara hawa jirgi sau biyu? Dubai zuwa Doha a sama awa ɗaya ce da ɗan wani abu, gaskiya ne, amma ka tattara kaya ka bar otal ka je filin jirgi awa uku kafin tashi, ka sauka can ka bi layi ka nemi wani otal, wunin ya ƙare ba ka ga komai ba sai jami'an shige da fice.

Na biyu, wanda ya fi komai, biza. Dubai da Abu Dhabi ƙasa ɗaya ce, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, masarautu 7 ne suka haɗu, biza ɗaya ta isar maka. Qatar ƙasa ce daban, Saudiyya ma daban, kowacce da tata bizar da kuɗinta, ku biyu kuma, biza 6 kenan. Kuma koren fasfon nan namu ba a yi masa da sauƙi. A 2022 Dubai ta rufe mana biza gaba ɗaya, jirgin Emirates ma ya daina zuwa, sai a 2024 aka buɗe, jirgin ya dawo Legas a watan Oktoba. Mu ’yan kasuwa mun ji jiki lokacin. Saboda haka kar ka kuskura ka sayi tikiti ko ka biya otal kafin biza ta fito ka gan ta a hannunka. Ni nan wani ejen ya taɓa karɓar kuɗina wai sati ɗaya ta fito, na yanki tikiti saboda na ga ya yi araha, sati uku ina bin shi yau ne gobe ne, ƙarshe ga asarar tikiti ga rabin kuɗin biza bai dawo ba har yau. Ka duba fasfonku ma ya kasance da sauran aƙalla wata 6.

Masauki ka nemi unguwar Deira a Dubai, wajen Naif ko Baniyas, nan mutanenmu suke, za ka ji Hausa a bakin titi wallahi kamar kana Kantin Kwari, abinci kuma da sauƙi, shinkafa mandi faranti ɗaya ku biyu za ku ci ku bari. Dala ɗaya dirhami 3.67 ce, ba ta motsi, da ita za ka yi lissafi. Lokacin da ka zaɓa ya yi daidai don babu zafi, sai dai ƙarshen Disamba otal na tsada saboda bikin sabuwar shekara, in da hali ka matsa zuwa tsakiyar Janairu. Ta Kano ya fi maka kusa, ka dai gwada farashin duka biyun.

Maman Walida, Tudun Wada:

Slm. Alhaji ya gama magana. Ni abaya da turare nake saro, bari in yi magana a madadin ’yar'uwata. Baban Ummi ka saya mata takalmi mai taushi tun daga nan, kar ta tafi da mai tsini don hoto, tafiyar ƙafa ce a garin ba ta wasa ba, daga tashar Metro, jirgin ƙasan cikin gari, zuwa cikin Dubai Mall kaɗai wata doguwar gada ce sai ka yi ta tafiya kamar ba za ta ƙare ba. Metro ɗin ku sayi katin Nol ku zuba kuɗi, babu direba a ciki kar ku tsorata. Akwai taragon mata da yara, an ja layi a ƙasa, namiji ya tsaya ciki tarar dirhami 100 ce, cin abinci ko shan ruwa a ciki ma tara ce, to ka kula kar ka biyo ta a baya ka shige.

Kasuwar gwal a Deira take kusa da ku. Kuɗin giram a rubuce yake a allo, na ranar ne, ba a ciniki a kansa, inda ake ciniki shi ne kuɗin aiki, nan za ta dage. Ta sa a auna a gabanta a rubuta nauyi da karat a rasit. Masu bin mutum a lungu suna cewa agogo, jaka, kar ku kula su. Daga nan ku gangara bakin ruwa ku hau abra, wani kwale-kwalen katako ne mai inji, dirhami 1 kacal ya tsallakar da ku Bur Dubai, ni a duk garin nan ban ga abin da ya fi min shi daɗi ba, da yamma ana kiran magariba tsuntsaye na bin ku, ku sauka ku sha shayin karak.

Burj Khalifa mita 828 ne, ana hawa bene na 124 da 125, ku sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, na faɗuwar rana ya fi tsada, ku je da safe. Abu Dhabi kuma ba sai kun kwana ba, bas kuke hawa daga tashar Al Ghubaiba ko ta Ibn Battuta, tafiyar wajen awa biyu ce, ku je Masallacin Sheikh Zayed ku dawo da dare. Shiga kyauta ne amma ana rijista ta intanet. Ƙubba 82, farin marmara ko'ina, da rana ido ba ya iya kallo, ku je bayan la'asar ku tsaya har a kunna fitilu.

Sai yawon sahara da ake kai mutane da la'asar. Kar ku ci abinci mai nauyi kafin nan, direban zai sace iskar tayoyi ya dinga hawa tudun rairayi yana zamowa, ni fura na sha kafin mu fita, ba sai na faɗi sauran ba, kunya kamar in nutse. Kuma a sansanin da dare akwai rawar mata da ba za ka so ka zauna da iyalinka kana kallo ba, wasu wuraren har da giya, akwai na safe wanda babu wannan, shi za ku tambaya. Abu na ƙarshe dan Allah, kar ku karɓi saƙon kowa a filin jirgi ko da ɗan'uwa ne sai kun buɗe kun gani, kuma magani irin su tiramadol da kodin ko a jakar hannu kar su kwana, can ɗauri ne.

Abba Kwangila:

Ni fa Baba Alhaji da Anti ku yi haƙuri, in ƙasa ɗaya za a zaɓa Doha zan ce. Na je kallon kofin duniya a 2022, garin bai kai Dubai hayaniya ba kuma komai kusa yake, Metro ta kai ka har Lusail inda Ajantina ta doke Faransa a wasan ƙarshe. Kasuwar Souq Waqif da dare kaɗai ta isa, akwai ɓangaren da ake sayar da shaho an rufe musu ido da ’yar hular fata, har asibitinsu gare su a wajen, na tsaya na fi awa ina kallo. Ga gidan tarihin kayan Musulunci a bakin teku, ga Corniche, titin bakin teku, ku yi ta tafiya. Kuma Qatar Airways sun fara zuwa Kano tun 2022, ba sai ka zaga ta wata ƙasa ba. Amma dai gaskiya kwana uku ka gama Doha, kuma in Anti Dubai aka yi mata alkawari to Yaya kar ka canza, ba ruwana da rigimar cikin gida. Af, kiran WhatsApp ba ya shiga a Dubai sai saƙo, ku sauke manhajar Botim ku da Hajiya tun a nan don ku dinga ganin yara. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, cajarku za ta shiga.

Malamin zane, Hanwa:

Malam tunda ka ce yadda aka kafa biranen ne ya dame ka, bari in ɗan sa baki. Ka lura Dubai da Abu Dhabi da Doha duk a bakin teku suke, Riyad ce kaɗai a tsakiyar sahara sosai. Kafin mai, mutanen bakin tekun nutso suke yi suna ciro lu'ulu'u daga teku, sana'ar ta mutu wajen 1930 da Japanawa suka iya noman nasu, aka sha talauci. Abu Dhabi ta fara fitar da mai a 1962, Dubai ta samu nata a 1966 kuma ba shi da yawa, shi ya sa sarkin Dubai na lokacin, Sheikh Rashid, ya zuba kuɗin a tashar jiragen ruwa da kasuwanci, ƙasar ma kanta sai 1971 aka haɗa ta, Najeriya ta girme ta da shekara 11. Ruwan famfon da za ka yi alwala da shi ruwan teku ne aka cire masa gishiri a Jebel Ali. Kuma kusan mutum 9 cikin 10 da za ka gani baƙi ne, Indiyawa, ’yan Pakistan, ’yan Filifin, kana iya yin kwana biyar ba ka yi hira da ɗan ƙasa ba, Turancinka ma zai fi maka amfani da Larabci.

In ka sauka daga abrar da Maman Walida ta faɗa, ka taka zuwa unguwar Al Fahidi. Tsofaffin gidaje ne da lunguna ƙanana kamar cikin birnin Zazzau, a saman kowane gida akwai wata hasumiya mai buɗaɗɗen baki ta kowace kusurwa, barjil suke ce mata, tana kamo iska ta turo ta cikin ɗaki, ita ce esinsu kafin wuta ta zo. Na tsaya a ƙarƙashin ɗaya na ji iska na sauko min a ka, sai na tuna tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina da yadda soron ƙasa ke riƙe sanyi da rana tsaka, mu da muke rushe namu muna kafa kwano.

In kwana ɗaya ya rage muku, a maimakon Riyad ku je Al Ain, biza ɗaya ce, bas na zuwa daga Dubai. Nan ne ainihin garin sahara, dausayi ne mai dabino fiye da dubu 100, ruwa na bin wasu ƙananan magudanai da suke kira falaj tun shekaru dubbai, ga kasuwar raƙuma ga dutsen Jebel Hafeet da ake hawa da mota. Can Sheikh Zayed ya yi mulki kafin ya zama sarkin Abu Dhabi. Ku ɗauki rigar sanyi, dare a saharar Janairu kamar hunturun Samaru ne.

Kawu Gyallesu:

Ɗana ni tambaya ɗaya gare ni, kun yi Umra kuwa? Mutum bai taɓa fita ba, fitar farko kuma sai kallon bene?

Baban Ummi, Samaru:

Kawu Allah ya ƙara girma, wannan maganar ta shige ni, Hajiyarmu ma abin da ta ce kenan. Akwai niyya in sha Allah, amma wannan alkawari ne na ɗauka da bakina gaban mutane ranar suna. Na gode ƙwarai jama'a, na yage takardar kamar yadda Alhaji ya ce. Yanzu Deira za mu sauka mu zauna otal ɗaya, kwana uku cikin Dubai, ɗaya Abu Dhabi, ɗaya Al Ain, Abba Doha sai wani jiƙon. Na nuna wa maman yara maganar kuɗin aikin gwal tun ɗazu take murmushi, Maman Walida kin ja min. Alhaji gobe bayan azahar kana shago? Zan shigo Sabon Gari da fasfunan ka duba min, kuma dala zan canza tun a nan ko in bari sai mun isa?