Tsohon da nake kula da shi ya ba ni ƙwallon Chicago Bears ta 1985, yanzu 'yarsa ta ce a dawo da ita

Baban Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. A Chicago nake zaune, kuma akwai wani dattijo Bature da na yi kusan shekara huɗu ina kula da shi, ya mutu watan jiya. Mutumin nan ba shi da hira a duniya sai ta Chicago Bears, ƙungiyar ƙwallon Amurka, irin wadda ake sa hular kwano ana bangaje juna. Ba ma Bears ɗin yanzu ba, ta 1985. Yana da kaset-kaset na bidiyo cike da kwali, mun kalle su har na haddace kamar karatun allo. Wasa 16 suka buga, suka ci 15. Guda ɗayan da suka faɗi, Miami Dolphins ce ta doke su 38 da 24 ranar 2 ga Disamba, kuma wannan kaset ɗin a ƙasan kwali yake kife shi, ba ya bari a taɓa. Da aka shiga sili-ɗaya-ƙwale suka ba New York Giants 21 da nema, Los Angeles Rams 24 da nema, duk a filin Soldier Field cikin sanyin Janairu. Wasan ƙarshe, Super Bowl, a New Orleans aka yi ranar 26 ga Janairu 1986, suka lallasa New England Patriots 46 da 10. Tsohon ya ce mota ya tuƙa har can.

Duk sanda kaset ɗin Super Bowl ya kai wurin da aka ba William Perry ƙwallo, ƙaton nan da ake ce wa Firij, ya kutsa ya ƙetare layi, sai tsoho ya buga hannun kujera ya ce Walter Payton ya kamata a ba. Payton mai lamba 34 tun 1975 yake ɗauke da ƙungiyar a wuyansa, amma aka tashi wasan nan bai ci ko ɗaya ba. Tsoho har ya koma ga Mahaliccinsa bai yafe wa koci Mike Ditka ba.

To, sati uku kafin mutuwarsa ya sa na buɗe kabad, na ɗauko wata ƙwallo cikin akwatin gilashi, jikinta duk sa hannun 'yan wasa da baƙin alƙalami, da guntun tikitin Super Bowl ɗin a maƙale a gefe. Ya ce in ɗauka, ni kaɗai ne na taɓa zama na saurare shi. Yanzu 'yarsa ta bugo mini sau biyu tana cewa in dawo da ita. Ni kuma Hajiyata na buƙatar aikin ido a gida. In sayar ne, ko in mayar, ko in yi shiru?

Alhaji Na-Houston:
Wa'alaikumussalam ƙanina. Shekarata 27 a ƙasar nan, don haka ka saurare ni. Kyauta ce, ya ba ka da hannunsa, ka karɓa da hannunka, magana ta ƙare. Sayar da ita gobe-goben nan. Payton ya mutu tun 1999, ba zai ƙara sa wa kowa hannu ba, shi ya sa kayansa ke da daraja. Kada ka ƙara ɗaga wayar matar nan.

Maman Ummi:
Ina ita 'yar take duk shekara huɗun da kake ɗawainiya da ubanta? Haka suke. Ni ma tsohuwar da na kula da ita, 'ya'yanta ko Kirsimeti ba sa zuwa, amma ranar da ta mutu kafin la'asar sun zo da motar kwasar kaya. Agogon bango da ta ce nawa ne, a gabana suka cire shi, ko kallona ba su yi ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Malam Ɗan Damagaram:
Tambaya ɗaya. Da ka ce kana kula da shi, don maƙwabtaka ne, ko aiki ne ake biyanka? Kuma akwai shaida ko takarda?

Baban Khalil:
Malam, aiki ne, wani kamfani ne ya tura ni. Amma wallahi mun wuce matakin mai aiki da mai gida. Babu takarda, mu biyu ne a ɗakin. Mutum na kwance yana numfashi da ƙyar sai in ce masa tashi ka rubuta mini? Ai da kunya.

Malam Ɗan Damagaram:
To ka ga inda gizo ke saƙa, kuma shi ne ka tsallake a bayaninka na farko. Yawancin irin waɗannan kamfanoni sun hana karɓar kyauta daga wanda ake jinya, je ka duba takardar da ka sa wa hannu. Sannan ko a wurinmu, kyautar da mutum ya yi a ciwon ajali malamai hukuncin wasiyya suke ba ta, ba ta wuce sulusin dukiya sai magada sun yarda. Ni dai in ni ne, mayarwa zan yi, in tsira da aikina da mutuncina.

Abu Sumayya:
Ni abin da ya dame ni daban ne. Na ji da fatar alade ake yin ƙwallon nan. Yaya za ka yi wa mahaifiyarka magani da kuɗinta?

Alhaji Na-Houston:
Kai Abu Sumayya, laƙabi ne kawai Amurkawa ke yi mata. Fatar saniya ce. Kamfanin Wilson ke ɗinka ta a garin Ada na jihar Ohio, fatar kuma a majemar Horween ake jeme ta, can Chicago inda shi mai tambayar yake. Shi kuma Malam, da girmanka, tsorata yaron nan kawai kake yi. Sulusin me? Mutumin da ke da gida a Chicago, ƙwallo ce za ta kai sulusin dukiyarsa? Ni na san wasan nan tun kuna firamare. A 1989 ɗanmu Christian Okoye, haifaffen Enugu, shi ya fi kowa gudu da ƙwallo a duk gasar, yadi 1,480 a Kansas City Chiefs. Kuma Bears ɗin 1985 da ake ta kurantawa, Buddy Ryan mai horar da 'yan baya shi ne ya yi aikin, shi ya sa ranar Super Bowl aka ɗaga shi a kafaɗa kamar yadda aka ɗaga Ditka.

Hajiya Bilki ta Bronx:
Alhaji, mun ji tarihi, amma ba shi aka tambaya ba. Baban Khalil, ka ma tabbata sa hannun na gaske ne? Jabu ya yi yawa a harkar nan. Akwai masu tantancewa irin su PSA da JSA da Beckett, ka biya su duba su ba ka takarda, in babu ita mai saye ba zai ba ka kuɗin kirki ba. Maigidana ya taɓa sayen riga mai sa hannu a intanet, ashe bugawa aka yi da inji. Har yanzu tana rataye a falo, in na yi magana ya ce ban san darajar kaya ba.

Baban Khalil:
Hajiya, mutumin nan ba maƙaryaci ba ne. Ya nuna mini na Payton da yatsansa, da na Mike Singletary, da na Richard Dent wanda aka ba gwarzon wasan. Ban taɓa tambayarsa inda aka sa masa ba, na ga kamar rashin yarda ne. Kuma gaskiya ko mai saye ya zo yau ban san ko zan iya rabuwa da ita ba. Jiya na ɗora ta kan tebur ina kallo, sai na ji kamar muryarsa tana faɗa a kan Ditka.

Maman Ummi:
To in ba za ka sayar ba, idon Hajiya fa?

Alhaji Na-Houston:
Ka ji irinta. Tun 1986 Bears ba su sake ɗaukar kofin ba, sun je wasan ƙarshe a 2007 Indianapolis Colts ta kora su gida. Mutanen garinku har gobe a kan wannan shekara ɗaya suke rayuwa, kasuwa na hannunka kana ta jan ƙafa. Turo mini hotonta ta bayan fage, ina da mutum.

Malam Ɗan Damagaram:
Kada ka tura wa kowa komai sai ka zauna da lauya. In 'yar ta kai ƙara kuma an riga an sayar, Alhaji ba zai tsaya maka a kotu ba.

Baban Khalil:
Na gode duka. Lauya kuɗi ne, kuma ni ban saci komai ba da zan fara neman lauya. Kamfani kuma ban gaya musu ba, don ba su suka ba ni ba. Yanzu ma ga saƙonta ya shigo, wai Asabar za ta zo kwashe kayan gidan, tana son mu haɗu. Ta ce kaset-kaset ɗin in ina so in ɗauka, zubarwa za ta yi.

Abu Sumayya:
Alhaji, ka tabbata dai fatar saniya ce?