Wace kalma ce ta dace da "soldiering" na Taylor?

Masu koyar da ilimin gudanarwa da masu fassara, ku zo mu tsayar da magana kan kalma ɗaya. Frederick Taylor, Ba'amurken da ya shiga masana'antar ƙarfe ta Midvale a 1878 yana ƙaramin ma'aikaci har ya zama babban injiniya, ya yi ta kokawa da abin da ya kira "soldiering": ma'aikaci ya rage hannu da gangan alhali yana iya yin fiye da haka.

Wasu sun ce lalaci. Bai zauna ba, domin malalaci ko an ninka masa kuɗi ba zai motsa ba. Aikin ganin ido ma daban ne, shi wannan sai maigida ya juya baya.

Wadda ta fi damuna ita ce ha'inci, don na ga ta fara karɓuwa. Ha'inci hukunci ne, da ka faɗe shi ka riga ka ba mai kamfani gaskiya. Alhali Taylor da kansa, a littafinsa na 1911, ya yarda cewa mutanen nan suna da dalili. Aikin jinga suke yi, iya abin da ka ƙera iya kuɗinka. In wani ya zage damtse ya ninka aikinsa, sai a rage farashin kowane guda, kowa ya koma yana shan wahala biyu a kan kuɗin jiya. Shi ya sa tsofaffin hannu ke jan kunnen sabon zuwa: bi a hankali, kar ka jawo mana.

Ku duba ma gwajinsa a kamfanin Bethlehem. Mai lodin ƙarfe ya tashi daga tan 12 da rabi zuwa tan 47 a rana, ladansa kuwa daga dala 1.15 zuwa 1.85 kawai. Wanda ya ga wannan lissafi ya rage hannu, ni ba zan kira shi maha'inci ba.

Shawarata ita ce jan ƙafa. Ta nuna da niyya ake yi, kuma ba ta zagi kowa ba. Taylor ya kasa abin gida biyu, kalmar kuma ta ɗauke su duka: jan ƙafa na son jiki, da jan ƙafa na haɗin baki, wanda ma'aikata ke ƙullawa a tsakaninsu.

Akwai mai ganin noƙewa ta fi? A kunnena noƙewa ta fi kusa da ƙin fara aikin tun farko, amma ina son jin yadda mutanen Sakkwato da Damagaram ke amfani da ita.