Fetur marar etanol: da gaske yana rage shan mai?

Mai Corolla, Arkilla:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masana nake nema. Ina da Corolla 2008, 'yar Amurka, inji 1.8, tankinta na cin lita 50. Bara lita ɗaya tana kai ni kilomita 12 idan na haɗa zirga-zirgar cikin gari da zuwa Birnin Kebbi a ƙarshen mako. Tun shigowar bazarar nan ta koma 9 da rabi. Wani mai sayar da mai a jarka ya ce mini etanol ɗin da ake zuba wa fetur ne ya jawo, kuma wai yana da wanda babu etanol, amma sai na ƙara naira 100 a kan kowace lita. Da gaske ne irin wannan man ya fi auki? In saya ko in bari?

Injiniya, Gwiwa:
Wa alaikumus salam. Malam, maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta kai yadda ya kururuta ta ba. Etanol ana tatso shi daga masara, rake ko rogo, kuma ƙarfin da ke cikin litarsa ɗaya bai kai na fetur ba, ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku. Haɗin da ya fi yawa a duniya shi ne E10, wato etanol kashi 10, fetur kashi 90. Kashi ɗaya cikin uku na wannan goman shi ne asararka, wajen kashi 3 cikin 100 ke nan.

Mu ɗora a kan motarka. Lita 50 sau kilomita 12 ya ba da 600. Da E10 za ta yi kusan 582, bambancin kilomita 18 a cikakken tanki. Kai kuwa yanzu 475 take ba ka, kilomita 125 sun ɓace, sama da kashi 20. Etanol ba zai ci wannan ba, sai dai in E85, mai etanol har kashi 85, aka ɗura maka, shi kuma ba a sayar da shi a gidajen manmu.

Ta fuskar kuɗi ma ba ta ɓille ba. A ce lita naira 1,000 ce, ribar man da babu etanol naira 30 ce kacal. Ka ƙara 100 don ka ceto 30, ai ka faɗi. Sannan motarka an ƙera ta ne don Amurka, inda kusan duk fetur E10 ne, robobinta da bututunta an yi su don su jure shi.

Malama, ɗakin gwaji:
Ƙari a kan bayanin Injiniya. A Ingila tun Satumbar 2021 E10 ne man yau da kullum, kuma an rubuta a jikin famfo. A nan gwamnati ta fitar da manufar haɗa E10 tun 2007, amma famfunanmu ba sa ɗauke da wata alama, fetur iri ɗaya ake sayarwa. Don haka duk wanda ya ce nasa babu etanol, a gwada a gani, kuma gwajin ba ya da wuya.

A samu kwalba siririya mai murfi da sirinji na awo. A zuba ruwa mililita 10, a ja layi daidai samansa. A ƙara fetur mililita 90, a rufe, a girgiza minti ɗaya, a sassauta murfin iska ta fita, a ajiye minti goma. Etanol ya fi son ruwa a kan fetur, zai bar man ya gangara ƙasa. In ruwan yana nan a kan layi, babu komai. In ya hau zuwa 17 ko 19, man yana kusa da E10. A yi a inuwa, nesa da murhu, sigari da janareta mai aiki, domin a zafin Sakkwato tururin fetur yana tashi nan take.

Abu biyu gwajin ba ya nunawa. Ba ya raba etanol da metanol, wani sinadari mai kama da shi, irin wanda aka samu ya yi yawa a fetur ɗin da aka shigo da shi daga Beljiyam a Fabrairun 2022, shi kuwa metanol ya fi etanol cin roba da ƙarfe. Kuma ba ya tona kananzir, wanda shi ne abin tsoro a man jarka.

Bakanike, Runjin Sambo:
Alhaji, bar batun mai tukuna, mu duba motar. Abu na farko, tamostat, wato abin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har inji shi ɗauki zafi. Nan garin da zafi yat taso sai a cire shi a haɗa fanka kai tsaye, wai don kada inji shi yi zafi. Na Corolla yana buɗewa a digiri 82. In anka cire shi, inji ba ya tsayawa kan zafin da anka tsara mishi, musamman da safe da kan babbar hanya, kwamfutar mota sai ta ɗauka har yanzu ana ɗumama shi, ta riƙa ƙara mai.

Na biyu, sensar oksijin da ke jikin salansa kafin indomi, wato matatar hayaƙi. Ita ke gaya ma kwamfuta ko mai ya yi yawa. In ta mutu, shan mai na hawa ƙwarai, bakin salansa shi yi baƙi ƙirin. Na uku, sensar iska da ke bayan matatar iska. Ƙurar hunturun da munka fito tana liƙe ma siririyar wayarta. A kwance ta, a fesa mata maganin wanke sensa, kada a taɓa wayar da hannu ko tsumma, a bari ta bushe kafin a mayar.

Kada ka yarda a yi ta canje-canje da ka. A sa ma motar kwamfutar bincike, a karanta zafin ruwa bayan tafiyar minti goma sha biyar, ya kamata shi zauna tsakanin 85 da 95. A duba gyaran mai na dogon lokaci, wanda ake rubutawa LTFT, wato yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa. In bai kai kashi 5 ba, ƙari ko ragi, lafiya lau ne, kuma E10 da kanshi ba ya matsa shi fiye da 3 ko 4. In ya wuce 10, akwai ciwo.

Ɗan Mabera:
Ranka ya daɗe, to tunda ruwa na janye etanol, me zai hana mutum ya zuba ruwa a jarka ya girgiza, ya tsiyaye man sama ya zuba a mota?

Injiniya, Gwiwa:
Don Allah kada a yi haka, ƙanena. Etanol yana ɗaga okten, wato juriyar mai ga kamawa da wuta kafin fulogi ya kyasta. Ka janye shi, okten ya sauka da maki biyu zuwa uku. Inji zai fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawa ko da lodi cikin rana. Kwamfuta tana jin ƙarar sai ta jinkirta wuta, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Ga ragowar ruwa da zai bi ya ci famfon mai da nozul.

Akwai kuma abin da Malam ya faɗa da bakinsa: tun shigowar bazara. A watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40, ba mai iya tuƙi ba esi. A gajerun tafiye-tafiye na cikin gari, inda mota ta sha rana kafin a shiga, esi kaɗai yana iya cin kwata na aukin mai. Kafin a kunna shi a sauke gilasai na minti biyu zafin ya fita. A duba iskar taya da sassafe kafin a motsa, a bi adadin da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, ba wanda mai faci ya ga dama ba.

Mai gyaran injin ban ruwa, Wurno:
Inda man da babu etanol ke da daraja shi ne injin kafireta da ake ajewa: injin ban ruwa, janareta, babur ɗin da ke yin watanni a zaure. Etanol na jan laima daga iska. Da ruwan ya kai wajen rabin kashi ɗaya cikin 100, sai su rabu da fetur su kwanta a gindin tanki, daidai inda inji ke zuƙa. Daga nan sai tsatsa, farin gari cikin kafireta, toshewar jet, roba ta kumbura ko ta tsage. Manoman albasa da ke jingine inji idan damina ta sauka, su rufe makunnin mai, su bar inji ya yi ta aiki har ya mutu da kansa, su kwance sukurun gindin kafireta ragowar ta tsiyaye, su juye tanki. Motar da ke fita kullum man ba ya daɗewa har haka ta faru.

Mai Corolla, Arkilla:
Allah ya saka da alheri. Na tambaya, lallai an cire tamostat a watan Maris lokacin da aka wanke lagireto. Ta yaya zan tabbatar gyaran ya yi bayan an mayar?

Bakanike, Runjin Sambo:
To ga bakin zaren nan. A sa sabo mai lamba 82 da sabuwar robarshi, a mayar da fanka kan sensarta, a zuba ruwan lagireto na gaskiya ba na rijiya ba, a fitar da iska daga layin. In motar ta taɓa zafi kafin a cire shi, a duba murfin lagireto da famfon ruwa, ƙila can ciwon yake.

Awo kuma kada ka bi allura. Cika tanki har famfo shi tsaya da kanshi, ka mayar da lissafin tafiya sifili. Bayan kilomita 300 ko fiye ka koma famfo guda, ka cika haka nan, ka raba kilomita da litar da ta shiga. Yi haka sau ukku, ka rubuta ko da esi ko babu, sannan ka kawo muna lambobin.