Neman kalma: wane suna za mu sa wa Generative Fill?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta darasin gyaran hoto da Hausa, na iso kan wani aiki da kamfanin Adobe ya ƙara wa manhajarsa ta gyaran hoto, Photoshop, a 2023, wanda ya kira Generative Fill. Ga yadda yake: ka zagaye wani yanki na hoto, ka rubuta abin da kake so ya fito a wurin, kamar kujera ko girgije. Manhajar ta aika saƙon zuwa kwamfutocin kamfanin ta intanet, ƙirƙirarriyar basirarsu mai suna Firefly ta zana abin, a dawo maka da iri uku ka zaɓa. Ko ba ka rubuta komai ba, za ta cike gurbin da abin da take ganin ya dace. Na sa "ciko" kawai, amma hankalina bai kwanta ba.

Mai ɗaukar hoto:
Wa alaikumus salam. Mu dai a bakin aiki "jenaretif" muke cewa, kowa ya gane. Ai hoton ma da kamara duk aro ne, ba wanda ya mutu.

Malama mai koyar da zane:
Aro ba laifi ba ne, Malam, amma ɗalibin da ya fara zama gaban kwamfuta yau ba abin da "jenaretif" zai faɗa masa. Shi kuma "ciko" shi kaɗai, matsalarsa ita ce ciko biyu ne a manhajar. Tun 2010, a Photoshop CS5, akwai Content-Aware Fill, wanda ake goge mutum ko wayar lantarki da shi. Wannan ba ya kawo komai daga waje. Gefen gurbin yake lalubawa, ya kwafo 'yan guntayen ciyawa ko bango ko sararin sama, ya jera su a wurin har ya toshe. Shi ya sa wani lokaci za ka ga dutse ɗaya ya fito sau biyu, ko rabin taga ta maimaitu. Sabon kuwa zanawa yake yi, yana iya kawo abin da bai taɓa tsayawa gaban kamara ba. In muka ba su suna ɗaya mun rufe wa mai koyo ido a daidai inda ya fi buƙatar gani. Na tsohon, ni "maho" nake ce wa ɗalibaina, domin ƙyalle ne aka yanko aka ɗora a kan huji.

Mai ɗaukar hoto:
Malama, maho ai daga nesa ake hango shi. Shi kuwa wannan, in ya yi kyau ba a gane wurin.

Dattijo mai fassara:
Ku duka kuna da gaskiya, sai dai yara da yawa yanzu ba su san maho ba, faci suka sani. Kuma dabarar lissafin da aka gina tsohon aikin a kanta, wadda masu bincike na Jami'ar Princeton da na Adobe suka fitar a 2009, sunanta PatchMatch. Kalmar da ke farkon sunan nan ita ce Hausa ta ara tun tuni ta mayar "faci". To me ya sa za mu wahalar da kanmu? Tsohon ya zama "faci". Sabon ne abin zama a kai.

Mai tambaya:
Baba, wani ya ba ni shawarar "cikon ƙage", wani kuma "cikon jabu".

Dattijo mai fassara:
A'a, ɗana. Ƙage sharri ne da ake ɗora wa mutum, jabu kuma hukunci ne. Wanda ya ƙara sararin sama a hoton talla don rubutu ya samu wurin zama bai cuci kowa ba. Sunan kayan aiki ya faɗi abin da yake yi, hukunci kuma a bar wa mai kallo. Ni "cikon ƙirƙira" na zaɓa. Kunnen mutane ya riga ya saba da "ƙirƙirarriyar basira" a labarai, don haka suna ji za su haɗa su. Ku gwada shi a baki: "Wannan bishiyar cikon ƙirƙira ce." "Kar ka yi wa hoton jarida cikon ƙirƙira." Ya zauna. "Ƙirƙirarren ciko" ma daidai ne a nahawu, amma harshe sai ya yi tuntuɓe kafin ya kai ƙarshe.

Malama mai koyar da zane:
Na yarda. Tunda an zo nan, a gyara wata kalmar kuma. Abin da cikon ƙirƙira ya zana ba ya taɓa ainihin hoton, a kan leyarsa (layer) ta daban da ke saman hoton yake sauka, kana iya kashe ta hoton ya koma yadda yake. Leya ta shigo Photoshop tun 1994, amma har yau ina ganin masu rubuta "layi", ɗalibi ya yi ta neman zane miƙaƙƙe. Ni "falle" nake cewa, kamar fallen takarda: falle kan falle, na sama ya rufe na ƙasa. "Shimfiɗa" na gwada, ba ta ƙirguwa da daɗi.

Mai tambaya:
Madalla, na gode. Zan rubuta faci, cikon ƙirƙira, da falle, in ambaci "leya" sau ɗaya don masu aiki su gane. Saura Generative Expand, mai ƙara wa hoto faɗi ta gefe. "Faɗin ƙirƙira" zai yi?

Dattijo mai fassara:
Bai yi ba, kamar ana auna faɗin ita ƙirƙirar ne. Ka ce "ƙarin gefe na ƙirƙira" kafin wani ya kawo mafi gajarta.

Mai ɗaukar hoto:
Falle kam na karɓa. Jenaretif ɗina kuwa, Baba, a yi mini haƙuri tukuna.