Kayan layin mai na injin jirgin ruwa mai injekta: wanne ya kamata a saya?

Baban Sadiq: Salamu alaikum. Masu aiki da injin bayan jirgi mai injekta, irin Yamaha F115 ko F150, don Allah ku faɗa mana abin da kuka gani wajen sayen tiyo, filta da famfo. Kayan injin kafireta za su yi?

Makanikin Yawuri: Wa alaikumus salam, Baban Sadiq. Ba za su yi ba. Kafireta firesha kaɗan take so, bai kai psi 7 ba (psi ma'aunin firesha ne), injekta kuwa wajen psi 40. Famfo biyu ne a injin: ƙarami yana jawo mai daga tanki ya zuba a ɗan tankin da ke jikin inji, wanda ake kira VST, babban na lantarki yana cikinsa, shi ke tura wa injekta. Abin da ya fi kashe babban famfon nan ruwa ne da datti. Fetur ɗin jarka da ake saye a bakin ruwa ba ya rasa su. Saboda haka fara da filta mai raba ruwa da mai, ta maikuron 10 (ma'aunin ƙanƙantar dattin da take tarewa), a ɗaura ta tsaye tsakanin tanki da inji. A canza ta duk awa 50 zuwa 100, a shafa ɗan mai a robar bakinta kafin a murɗa. Idan ruwa ya riga ya shiga VST, sai an kwance kusar ƙasansa an tsiyaye, canjin filta kaɗai ba ya fitar da shi.

Ɗan Baga: Gaskiya ne, Oga. In ƙara da tiyo. Inji ya wuce doki 115, a sa mai faɗin ciki milimita 10. Na milimita 8 yana iya shaƙe shi: a silo lafiya lau, kana ba shi wuta sai ya riƙa numfashi. A duba rubutun jikinsa, a nemi B1-15 ko A1-15, alamar tiyon man jirgin ruwa. Tiyon banza cikinsa ke saɓulewa, ɓarɓashin ya je ya toshe rariyar famfo, daga waje kuma ka gan shi kamar sabo.

Makanikin Yawuri: Ƙwallon robar da ke jikin tiyo, wanda ake matsawa don jawo mai, shi ma likita ne. Kibiyarsa ta kalli inji. In ya lotse yayin tafiya, toshewar tana bayansa: bututun cikin tanki, ko hujin iskar tanki. In kuwa ka matsa shi inji ya farfaɗo, ƙaramin famfo ya gaji ko layi na shan iska.

Malam Injiniya: Masu injin cikin jirgi, ku yi hattara. Kada a sa famfon mota. A nemi mai shaidar SAE J1171 ko ISO 8846, wanda ba ya fitar da tartsatsi, domin tururin fetur ƙasan jirgi yake kwanciya. Filtar ma ta zama mai gindin ƙarfe, ba na roba ba.

Baban Sadiq: Allah ya saka da alheri. To kilif fa, Malam?

Malam Injiniya: Wanda ba ya tsatsa. A ɓangaren babban firesha kuma a sa kilif na injekta mai santsin ciki, don mai tsaga-tsaga yana cin tiyo.